Baba yana da ciwon ƙoda, yana ta shan maganin ƙarin jini amma jinin ya ƙi hawa

Wani ɗan'uwa daga wani ƙauye a gefen Auyo ya turo tambaya a kan mahaifinsa, manomin shinkafa ne da ya haura shekara 60, hawan jini ya taɓa masa ƙoda amma ba a kai ga fara wankin ƙoda ba tukuna. Ya ce wata 3 kenan Baba yana shan jajayen ƙwayoyin nan na ƙarin jini da tonik, a baya ma an ƙara masa jini leda 2, amma PCV ɗinsa, wato awon yawan jajayen ƙwayoyin jininsa, ya tsaya a 24 ya ƙi motsi. Yanzu likita a Kano ya rubuta wasu gwaje-gwaje masu tsada, ya ce mai yiwuwa sai an yi masa ayon, wato sinadarin ƙarfe da jiki ke ƙera jini da shi, ta jijiya sannan a fara allurar EPO mai sa ɓargo ya ƙera jini. Shi ne yake tambaya, wai wannan ba cin kuɗi ba ne tunda duk maganin ƙarin jini ne? Ba gara su ƙara yawan ƙwayar su dage da zogale da hanta ba?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah Ya ba Baba lafiya Ya sa kaffara ne, ku kuma Allah Ya saka muku ɗawainiyar da kuke yi. Likitan nan bai cuce ku ba, da ni na duba Baba ma abin da zan rubuta kenan. Amma na san in ban warware maka dalilin ba gobe wani a majalisa zai ce maka ai wane ma haka aka ce masa, zoɓo kawai ya dinga sha jininsa ya dawo, shikenan sai ku fasa. To ka yi haƙuri zan ɗan ja zancen.

Babban mutum duk ayon ɗin da ke jikinsa bai wuce giram 3 zuwa 4 ba, kuma wajen kashi 2 cikin 3 yana cikin jajayen ƙwayoyin jini, a cikin hemogulobin, abin da ke ɗaukar iskar da muka shaƙa ya raba wa sassan jiki. Ɓargo ne ke ƙera ƙwayoyin nan, kullum yana cin ayon miligiram 20 zuwa 25. Amma abin da hanji ke iya tsotsa daga abincin yini guda miligiram 1 zuwa 2 ne kacal, ko malmala nawa mutum ya tashi da ita. To ragowar daga ina take zuwa? Daga tsofaffin ƙwayoyin jinin. Kowace tana yin kamar kwana 120 sai ta tsufa, saifa da hanta su farfasa ta su zare ayon ɗin su mayar wa ɓargo ya sake aiki da shi, haka abin ke ta juyawa har ƙarshen rayuwa. Sannan jiki ba shi da hanyar zubar da ayon in ya yi masa yawa, shi ya sa duk tsaron yake a bakin ƙofar shiga.

Mai tsaron ƙofar wani sinadari ne da hanta ke yi, sunansa hefsidin, sai wajen 2000 zuwa 2001 ma aka gano shi, don haka kar ka yi mamaki in ka tambayi wani tsohon ma'aikacin lafiya ya ce bai taɓa jin sa ba. In hefsidin ya yi yawa a jini ƙofa biyu yake rufewa a lokaci ɗaya, ta hanji inda sabon ayon ke shigowa, da ta ma'ajiya inda tsohon yake jibge a hanta da saifa. Allah Ya yi shi ne don kariya, saboda ƙwayoyin cuta ma ayon suke nema su hayayyafa, da zarar cuta ta shiga sai jiki ya ɓoye nasa. Matsalar mai ciwon ƙoda ita ce ƙoda ce ke tace hefsidin ta fitar da shi a fitsari, in ta yi rauni sai ya taru, ga shi kuma jikin mai wannan ciwo kullum yana cikin wani ɗan kumburi na ciki kamar mai yaƙi da cuta ko da babu zazzaɓi, wannan ma yana sa hanta ta ƙara yin sa. Sai ka tarar da abu kamar gidan da rumbunsa ke da hatsi amma an garƙame shi an tafi da mukulli, an kuma tare hanyar kasuwa, uwargida na zaune gaban murhu ba abin ɗorawa. Ƙwayar da Baba ke haɗiya tana isa hanji ta tarar da ƙofa a rufe, mafi yawanta ta wuce ta fita a bayan gida, abin da kuke samu kawai baƙin kashi da taurin ciki. In kun ninka ta ma abin da za ku ninka kenan, don ita kanta ƙwayar in an sha tana tayar da hefsidin na kusan yini guda.

Wannan ɓangaren ayon kenan. Akwai kuma na biyu, ƙoda ita ke yin kusan kashi 90 cikin 100 na sinadarin EPO, wanda shi ke ba ɓargo umarnin ya ƙera jini. Ƙoda ta raunana, umarnin ya yi ƙasa. Ƙari a kan haka dattin da ke taruwa a jini yana rage wa ƙwayoyin kwana, maimakon 120 sai su mutu a 60 zuwa 90. Ka ga abu uku sun haɗu wa mutum ɗaya, tonik ɗin kemis kuwa ko ɗaya bai warware ba.

Yanzu gwajin da kake ganin tsadarsa. PCV yana gaya mana jini ya yi ƙasa ne kawai, ba ya faɗin dalili. Ka raba shi gida 3 za ka samu hemogulobin a ƙiyasce, wato 24 ɗin Baba kamar 8 kenan, alhali namiji lafiyayye daga 13 yake farawa, mace daga 12. Gwaji biyun da aka rubuta na tabbata feritin ne da TSAT. Feritin yana nuna abin da ke ajiye, TSAT kuma yana nuna wanda ya fito yake yawo a jini a hanyarsa ta zuwa ɓargo, ana rubuta shi da kashi cikin 100. In TSAT bai kai 20 ba kuma feritin bai kai 100 ba ga wanda bai fara wanki ba, ko 200 ga mai wanki, to ayon ɗin ne babu, ma'ajiyar ta ƙare. In kuwa feritin ya yi sama, a ce 300 ko 400, amma TSAT yana 15, to akwai shi an kulle ne. A nan mutane ke ruɗewa, har da wasu ma'aikatanmu, mutum ya ga feritin 350 ya ce ai ayon ɗinsa lafiya lau, bai duba ɗayan ba. Shi feritin maƙaryaci ne wani lokaci, zazzaɓin cizon sauro yana ɗaga shi, ciwon hanta yana ɗaga shi, ƙurji ko gyambo ma haka, don haka ba a karanta shi shi kaɗai, kuma ba a zuwa gwajin ana tsaka da zazzaɓi ko kwana kaɗan bayan ƙarin jini, kuɗinku ne zai tafi a banza. Ƙa'idar da ƙungiyar KDIGO ta fitar a 2012, wadda likitocin ƙoda a duniya suka daɗe suna aiki da ita, ta ce mai ciwon ƙoda da ke da ƙarancin jini a gwada ba shi ayon matuƙar TSAT bai wuce 30 ba kuma feritin bai wuce 500 ba. Ka lura mizaninsu ya fi na sauran mutane tsawo sosai, saboda dai wancan kullewar. Ba kowane ɗakin gwaji ke yin TSAT ba, a ƙauye kam babu, ku yi shi a Asibitin Malam Aminu Kano ko wani babban ɗakin gwaji ranar da kuka je ganin likita, tafiya ɗaya ta biya buƙata biyu.

Ban ce ƙwayar sha ba ta da amfani kwata-kwata ba fa. Wanda ciwonsa bai yi nisa ba ana fara masa da ita, a ba ta wata 1 zuwa 3 a gani. Sai dai yadda ake shan ta a gidajenmu ma kashe ta ake yi. Tsoho ya tashi da safe a kawo masa shayi mai kauri da madara da burodi, a zube masa magungunansa gabaɗaya a tafin hannu, na hawan jini da na olsa da farar ƙwayar kalsiyam da jar ƙwayar ayon, ya watsa a baki ya kora da shayin. To ganyen shayi yana kama ayon ya hana shi shiga, madara haka, kalsiyam ɗin da ake ba masu ciwon ƙoda don rage fosfet, wani sinadarin abinci da ke taruwa musu a jini, shi ma haka, maganin olsa irin su omefirazol kuma yana rage tsamin ciki wanda ayon ke buƙata kafin ya narke. Kamata ya yi a sha ta da ruwa zalla, ciki ba abinci in mutum zai iya jurewa, a bar tazarar awa 2 tsakaninta da waɗancan. Ƙwaya ɗaya ta feros salfet mai miligiram 200 ainihin ayon ɗin cikinta kamar 65 ne, kuma binciken da aka yi a Suwizalan a 2017 ya nuna shan ta yau a tsallake gobe ya fi sa ta shiga jiki a kan a dinga ɗura ta safe da yamma, duk da dai a kan mata masu lafiyar ƙoda aka yi shi. Amma Baba ya riga ya cinye wata 3 ɗinsa jini bai motsa ba, an gama wannan gwajin, lokacin jijiya ya yi.

Batun zogale da hanta, a nan nake so ka tsaya da kyau don nan ake kashe majinyata da ƙauna. Zogale da alayyafo da rama da wake suna da ayon, gaskiya ne, amma irin na tsirrai ne mai wuyar shiga ko ga lafiyayye, kuma cike suke da sinadarin fotasiyam wanda raunanniyar ƙoda ba ta iya fitarwa. Fotasiyam in ya taru ba ya sallama, zuciya kawai yake tsayarwa, mutum yana hira a tabarma sai a ga ya kife. Ban hana miyar zogale ɗan daidai ba in gwajin fotasiyam ɗinsa lafiya, abin da na hana shi ne a dafa tukunya guda a tace ruwan a ce ya shanye kofi-kofi don ƙarin jini. Hanta ayon ɗinta mai kyau ne yana shiga, sai dai fosfet ya yi mata yawa, 'yar kaɗan jefi-jefi ta isa. Lemon malt da madarar gwangwani kuwa da ake haɗa wa marar lafiya, sukari ne da fosfet, ba wani ayon na kirki a ciki. Zoɓo launinsa ne kawai ja. In kuma kun lura Baba yana sha'awar farar ƙasa ko tauna ƙanƙara, alamar ƙarancin ayon ce, ita farar ƙasar kuma ƙara toshe shi take yi, a raba shi da ita.

Ayon na jijiya amfaninsa shi ne ya tsallake hanji gabaɗaya. Wanda aka fi samu a wajenmu shi ne ayon sukuros, za ka gan shi a 'yar kwalba, ruwa ne baƙi-baƙi mai ɗan ja, ana zuba shi a ƙaramar ledar ruwan gishiri ya dinga ɗiga a hankali. Yawanci miligiram 200 ake ba wa a zama ɗaya, sau 5 cikin kamar sati 2, ya tashi 1000. Akwai sabon samfuri, ferik kaboksimaltos, da ake iya ba da har 1000 a zama ɗaya, ga mutumin da zai taso daga Auyo wannan ya fi sauƙin zirga-zirga amma ya fi tsada, ku yi lissafi da kuɗin mota da na kwana kafin ku zaɓa. Dole a asibiti za a yi shi, inda akwai ma'aikaci a tsaye da maganin gaggawa, a kuma zauna minti 30 bayan an gama, don wani jininsa yana faɗuwa ko numfashi ya sarƙe, musamman in an sake shi da gudu. Ba a yin sa ana cikin zazzaɓi mai zafi ko wata cutar da ta shiga jini, sai an magance ta. Dan Allah kar ku yarda wani mai kemis ya ce zai yi masa shi a ɗuwawu a rahusa, tsohon yayi ne, ga zafi ga baƙin tabo ga haɗarin jiki ya ƙi shi a inda ba mai ceto.

Wasu suna tsoron wai ayon ta jijiya yana jawo cuta ko ya lalata zuciya. An yi babban bincike a Birtaniya mai suna PIVOTAL, ya fito a 2019, mutum 2141 masu wankin ƙoda. Rabi ana ba su ayon sukuros miligiram 400 duk wata sai in feritin ya haura 700 ko TSAT ya kai 40, rabi kuma sai ayon ɗinsu ya faɗi ƙasa ake ba su ɗan kaɗan. Waɗanda aka ba wa da yawa su suka fi tsira daga mutuwa da bugun zuciya da kwanciya saboda gazawar zuciya in an haɗa lissafin, sun buƙaci EPO kaɗan da ƙarin jini kaɗan, kuma ba su fi ɗaya rukunin kamuwa da cuta ba. Masu wanki dama asararsu ta fi yawa, jinin da ke maƙalewa a bututu da matatar injin da wanda ake ɗiba don gwaji yana cinye musu ayon giram 1 zuwa 2 ko fiye a shekara, su kam ƙwaya ba ta riƙe su. Baba bai kai nan ba, na faɗa ne don masu karantawa da ke da majinyaci a kan inji.

Sai EPO. Tun 1989 aka fara amfani da ita a Amurka, kafin nan masu ciwon ƙoda yawanci da ƙarin jini suke rayuwa. Dalilin da ya sa likita ya ce ayon tukuna shi ne in ka yi wa mutum EPO ba ayon a jikinsa ɓargo zai ji umarnin amma ba abin da zai ƙera da shi, allura mai tsada ta tafi a iska, kuma wannan shi ne babban dalilin da ke sa a ce EPO ta ƙi aiki. Wani ma ayon ɗin kaɗai ke ɗaga shi har a ɗage maganar allurar. Ana fara tunaninta ne in hemogulobin ya gaza 10, kuma abin da zai ba ka mamaki, ba ma son jinin ya koma irin na lafiyayye. Inda ake nufa 10 zuwa 11.5 ne, wato PCV 30 zuwa 34 haka. An gwada kai mutane 13 a wani bincike mai suna TREAT a 2009, masu ciwon suga da ƙoda sama da 4000, shanyewar ɓarin jiki ta kusa ninkawa a cikinsu. To in PCV ɗin Baba ya kai 32 likita ya ce a rage allura, kar ku ce ai bai kai 40 ba ku je ku ƙaro a bayan idonsa. Tana kuma tayar da hawan jini, shi da dama shi ne asalin ciwonsa, ku nemi na'urar awo a gida ko a dinga leƙa asibitin sha-ka-tafi ana dubawa. Sannan allura ce ta firij, tsakanin digiri 2 zuwa 8 take so, ba ta son daskarewa ba ta son zafi. Sau da yawa za ka ga an sayo ta a Kano an sa a aljihun gaban riga, a hau mota a sauka a hau acaɓa cikin ranar Afrilu, kafin a isa gida ta mutu, a zo ana cewa jabu ce. Ku tafi da 'yar kula da ƙanƙara, a naɗe allurar a tsumma kar ta taɓa ƙanƙarar kai tsaye, a gida kuma ku roƙi a ajiye muku a wurin da ke da firij mai sola.

Ƙarin jini yana da wurinsa, in hemogulobin ya faɗi ƙasa da 7, ko mutum yana haki a zaune, ko jini na zuba, ba a jira. Amma ba magani ba ne, sati kaɗan ya zube a koma gidan jiya. Kowace leda tana ɗauke da ayon miligiram 200 zuwa 250 da ba ya fita, tana iya cika wa mai raunin ƙoda ruwa a huhu, ga fargabar ciwon hanta in tantancewar ba ta yi kyau ba. Akwai kuma wani abu da ba a cika gaya wa iyali ba, duk ledar da aka ƙara jiki yana koyon yaƙi da jikin wasu, ranar da aka zo dashen ƙoda sai a rasa wadda zai karɓa. A Asibitin Malam tun 2002 ake dashe, don haka ba zancen ƙasar waje ba ne. In akwai wanda a cikinku 'ya'yansa ko ƙannensa yake da niyyar ba shi ƙoda wata rana, to shi kar ya ba shi jini, a nemo wani. Masu sikila da ciwon ƙoda su kuma nasu daban ne, yawancinsu ayon ya yi musu yawa saboda ƙarin jinin da suka sha, kar wanda ya ba su ko tonik sai an gwada.

Abin da ya rage, kuma ina ganin ga manomin fadama irin Baba ya kai komai muhimmanci, a bincika ko jinin yana yoyo ta wani wuri. Mutumin da ya yi shekaru yana tsaye cikin ruwan shinkafa a kwarin Haɗeja dole a duba fitsarinsa da bayan gidansa, tsargiya da tsutsar ciki mai shiga ta tafin ƙafa suna shan jini a hankali ba a sani ba, maganinsu kuma mai arha ne. A tambaye shi basir mai zubar da jini, dattawa ba sa faɗa sai an keɓe da su. A duba aljihunsa da ƙarƙashin matashinsa, in akwai haɗin kemis na ciwon jiki, diklofenak da ibufurofen da danginsu, a kwashe, suna ƙwarzane ciki ya dinga tsiyayar jini kuma suna ƙarasa ƙodar. Baƙin kashin ƙwayar ayon busasshe ne ba wani wari na daban, in kuwa kun ga baƙi mai danƙo kamar kwalta da ƙarni, jini ne, a tafi asibiti a ranar. Ƙaho ma a dakata da shi, na san Baba zai ce yana jin sauƙin jiki in wanzami ya yi masa, amma duk cokalin jinin da aka zuƙe da ayon ɗinsa yake tafiya. A roƙi likita ya haɗa da duba folik asid da bitamin B12, musamman in yana shan metfomin, maganin ciwon suga.

Bayan an gama ayon na jijiya a bari aƙalla sati 2 kafin a maimaita feritin da TSAT, in an yi da wuri lambar ƙarya za ta fito, daga nan kuma duk wata 3 matuƙar yana kan EPO, PCV kuwa duk wata. Ku sami littafi ɗaya ku dinga rubuta kwanan wata da sakamako da allurar da aka yi, don ba lallai likita ɗaya za ku dinga tararwa ba. In za a sa masa kanula ku ce a sa a bayan tafin hannu, a bar jijiyoyin damtse da na hannun da ba ya aiki da shi, su za a nema in ranar wanki ta zo. Ragowar jajayen ƙwayoyin nan kuma a ɗage su sama inda jikoki ba sa kaiwa, yara suna ɗaukarsu alewa, kuma 'yan kaɗan sun isa su halaka ƙaramin yaro. In sakamakon ya fito ka turo min lambobin biyu tare da na fotasiyam da na kiriyatinin, wato gwajin ƙarfin ƙoda, mu duba.